CIWON BAYA: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Game Da Gashin Asibiti

A wannan fitowar za mu tattauna ne a kan wata larura wadda da wuya ki shiga gida biyu ko uku ba ki tarar da mai fama da ita ba, wato ciwon baya, musamman na can ƙasa wajen ƙugu, da kuma hanyar magance shi da aka fi sani da gashi.

Abin da ya ja hankalina kuwa shi ne halin da wata ɗalibata ta shiga. A ajin matan aure da nake koyarwa da yamma, a wani gari kusa da dajin Ɗansoshiya cikin ƙaramar hukumar Kiru, akwai wata baiwar Allah mai 'ya'ya shida wadda ba ta taɓa fashi. Sai na lura ta koma zama a jikin bango, in za ta tashi sai ta dafa gwiwa tana cije leɓe. Daga nan sai na daina ganinta. Da na je dubiya na same ta kwance a kan tabarma, kusan mako uku ke nan, ga leda cike da ƙwayoyi a gefen matashinta.

Ta ce da ni, "Malama, tun haihuwar autana bayan nan bai sake zama nawa ba. An yi mini ƙaho, na sha na sanyi, na sha na basir, yanzu haɗin kemis nake sha safe da dare, ga shi cikina ma ya fara zafi."

Na ce, "To wa yake yi miki aikin gida?"

Ta sunkuyar da kai ta ce babbar 'yarta ce, yarinya 'yar shekara goma sha uku, wadda aka dakatar da ita daga boko da Islamiyya baki ɗaya domin daka da wanki da raino. Ga kuma ƙananan maganganu daga dangin miji, wai son jiki ne kawai, ai kowace mace tana ciwon baya. Kin ji, 'yar'uwa, yadda ciwon mutum ɗaya yake neman cinye karatun yarinya da zaman lafiyar gida.

Yadda bayan yake

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da Allah Ya ɗora ɗaya bisa ɗaya tun daga wuya har zuwa mazaunai. Biyar daga cikinsu, waɗanda suka fi kauri, suna daidai ƙugu, kuma su ne ke ɗauke da nauyin saman jiki. A tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani ɗan faifai mai taushi kamar matashi, wanda yake hana su gogar juna. Laka tana bi ta tsakiyar jerin, jijiyoyi kuma suna fita daga gare ta zuwa cinyoyi da ƙafafu da mafitsara. Tsokoki na baya da na ciki da na ɗuwawu su ne suke riƙe da wannan gini kamar yadda igiyoyi ke riƙe da rumfa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a faɗin duniya, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da shekarar 2050. Shi ne kan gaba cikin cututtukan da ke hana mutane gudanar da harkokinsu, kuma ya fi yawa a tsakanin mata. Amma ga abin da zai kwantar miki da hankali: kusan tara cikin goma na masu ciwon, in an bincika, ba a samun karaya ko wata muguwar cuta a bayansu. Tsoka da gaɓoɓi ne suka gaji ko suka sage. Irin wannan ciwo mafi yawa yana yin sauƙi sosai cikin mako shida. Wanda ya wuce wata uku kuwa shi ake kira daɗaɗɗe, kuma shi ne ya fi buƙatar kulawar masana.

Me ya sa ya fi addabar mu?

Ki duba wunin macen karkara a wannan yanki namu. Tun asuba ta sunkuya shara da gajeriyar tsintsiya, ta ja guga a rijiya, ta yi surfe da daka, ta duƙa a gaban murhu tana tuƙin tuwo, ta sunkuya wanki, duk wannan da goyo a bayanta, wani lokacin ma ga ciki. A ƙasar Tudun Wada, inda shinkafa ta yi suna, mata da yawa sana'arsu turara shinkafa, su ɗora manyan tukwane su sauke, su shanya su kwashe. A Bebeji, tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya sa aikin amfanin gona ba ya yankewa. A Doguwa da ƙauyukan bakin dajin Falgore ga ɓarzar masara ga ɗaukar itace. 'Yan'uwanmu Fulani kuwa, har da na rugar da gwamnatin Kano ta buɗe a dajin Ɗansoshiya a shekarar 2020, sai su yi tafiya mai nisa da ƙoren nono a ka.

Shi aiki a kan kansa ba cuta ba ne, domin an halicci baya ne don motsi da ɗaukar kaya. Matsalar ita ce daɗewa a yanayi ɗaya ba hutawa, da ɗaukar abin da ya fi ƙarfi, da komawa aiki mai nauyi tun jiki bai gama dawowa daga haihuwa ba. Lokacin goyon ciki gaɓoɓin ƙugu suna saki domin shirin haihuwa, tsokar ciki kuma tana miƙewa ta yi rauni. Idan haihuwa ta zo kusa da kusa, tsokar ba ta samun damar murmurewa. Haka nan ƙarancin barci da damuwa da ɓacin rai suna ƙara wa ciwon ƙarfi, wannan kuma abu ne da likitoci suka tabbatar.

Akwai masu ɗora laifin a kan allurar baya da ake yi wa mace lokacin aikin haihuwa. Gaskiya ne wurin yakan yi tsami na 'yan kwanaki, amma bincike bai nuna ita ce ke jawo ciwon baya na shekaru ba. Don haka kada tsoron wannan ya sa ki ƙi aiki in likita ya ce shi ne mafita gare ki da jaririnki.

Alamun da ba a jira da su

Kafin mu shiga ɗakin gashi, akwai alamun da in kin ga ɗaya daga cikinsu tare da ciwon baya, to a bar batun jiƙo da tausa, a nufi asibiti:

Riƙewar fitsari, ko zubar fitsari ko bayan gida ba tare da kin sani ba, ko kuma mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da gaba da dubura. Wannan alama ce ta an danne jijiyoyin ƙasan laka, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya barin naƙasa ta har abada. A tafi a ranar, ko da dare ne.

Raunin ƙafa da ke ƙaruwa, kamar ki ga tafin ƙafa yana ja a ƙasa ko silifa tana fita ba ki ji ba.

Zazzaɓi, gumin dare, rama ba dalili, ko ƙusumbi da ya fara fitowa. Cutar tarin fuka tana kama ƙashin baya, kuma tana warkewa da magani in an gano ta da wuri. Gwamnati tana ba da maganinta kyauta.

Ciwon da ya biyo bayan faɗuwa ko hatsarin babur, ko wanda ba ya lafawa ko kina kwance har yana tashin ki daga barci, musamman ga wadda ta taɓa yin ciwon daji na mama ko na mahaifa.

Ciwon gefe ɗaya tare da zafin fitsari da zazzaɓi, domin yana iya zama daga ƙoda.

Ga mai ciki kuwa, ciwon baya mai zuwa yana tafiya kamar naƙuda tun lokaci bai yi ba, ko mai haɗe da zubar jini ko ruwa.

Mene ne gashi?

Da yawanmu in an ce gashi sai mu tuna da ruwan zafi da tawul, ko gashin jego. Gashin asibiti, wanda ake kira fisiyo, fanni ne mai zaman kansa da ake karanta shi a jami'a. A Nijeriya ya faro ne a shekarar 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, a shekarar 1966 kuma Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kansa. A nan gida Jami'ar Bayero tana yaye masana wannan fanni, maza da mata, kuma akwai hukumar gwamnatin tarayya da ke yi musu rajista, wadda aka kafa da dokar shekarar 1988. Don haka ba duk mai na'urar ɗumama jiki a shago ne likitan fisiyo ba.

Ana samun sashen gashi a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a shekarar 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala. Ga waɗanda suka fito ta Kwanar Dangora kuma, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Masanan sun fi yawa a birane, wannan kuwa shi ne babban cikas ga macen Kiru ko Doguwa. Shi ya sa ya kamata ki fara da asibitin da ke kusa da ke, a duba ki a tabbatar babu waɗancan alamu, sannan a ba ki takardar turawa in da buƙata.

Da kyar muka shawo kan maigidan ɗalibata ya kai ta birni. Tsoronsa kuɗin hoto da kuɗin aiki, ita kuma tsoronta kada namiji ya buɗe mata jiki. Na ce da ita ta nemi mace tun daga wajen yankar kati, domin haƙƙinta ne ta nema, kuma Allah Ya taimake ta ta samu. Ta ba ni labari cewa likitar ta fi rabin awa tana yi mata tambayoyi: yaushe ya fara, wane aiki ke tayar da shi, yaya barcinta, haihuwa nawa. Sannan ta sa ta sunkuya, ta miƙe, ta yi tafiya a kan dunduniya da kan yatsu, ta ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ta gwada ƙarfinsu. Daga ƙarshe ta ce da ita, "Hajiya, bayanki bai lalace ba. Kwanciyar nan ce take ƙara miki rauni."

Ba a yi mata hoto ba, kuma ba sakaci ba ne. Masana sun daina yi wa kowane mai ciwon baya hoto in babu alamar haɗari, domin ko mutanen da ba sa jin ciwon komai in aka ɗauki hotonsu akan ga faifai ya ɗan turo ko ya zaizaye, kamar dai furfura ce ta cikin jiki. Ganin hakan sai ya ƙara wa mutum tsoro a banza.

An ɗan gasa mata wurin, an yi mata tausa, amma likitar ta gaya mata gaskiya cewa wannan sassauci ne na ɗan lokaci. Ainihin maganin shi ne motsa jikin da aka koya mata ta riƙa yi a ɗakinta. Zuwa uku kawai ta yi birni, sauran aikin a gida ta yi shi.

Wannan ya yi daidai da ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na shekarar 2023 game da daɗaɗɗen ciwon baya. Ta ƙarfafa ilimantar da marar lafiya, da tsararren motsa jiki, da tausa da gyaran gaɓoɓi a hannun masani, da kula da damuwar zuciya. Ta kuma yi hani ga dogaro da ɗamarar ƙugu, da jan baya da na'ura, da ƙwayoyi masu bugarwa.

Abin da za ki iya yi a ɗakinki

Idan babu ko ɗaya daga alamun haɗari, ga kaɗan daga motsin da aka saba koyarwa. Ki shimfiɗa tabarma, ki yi su a hankali safe da yamma, misali bayan sallar asuba da bayan isha'i:

Na farko, ki kwanta rigingine, ki lanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ki jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji da hannuwanki, ki ƙirga goma, ki sake, ki yi wa ɗayar. Sau biyar kowace.

Na biyu, a wannan kwanciyar, ki haɗe gwiwoyin ki karkata su dama a hankali, ki dawo, ki karkata hagu, kafaɗunki na manne da ƙasa. Sau goma.

Na uku, ki tsuke cikinki ki danna bayanki ya manne da tabarma, ki ƙirga biyar kina numfashi, ki sake. Wannan yana farfaɗo da tsokar ciki bayan haihuwa.

Na huɗu, ki ɗaga ɗuwawu sama kaɗan daga tabarma, ki ƙirga biyar, ki sauke. Ki fara da sau biyar, ki riƙa ƙarawa.

Na biyar, ki durƙusa a kan gwiwoyi da tafukan hannu kamar mai rarrafe, ki gantsare baya a hankali, sannan ki turo shi sama. Sau goma.

Sai tafiya. Ko zagayen tsakar gida ne na minti goma, ki fara, ki riƙa ƙarawa har ya kai rabin awa. Ɗan tsami bayan motsa jiki ba abin tsoro ba ne, amma in ciwon ya riƙa harbawa zuwa ƙafa ko ƙafar ta fara mutuwa, ki dakata ki nemi masani. Mai tsohon ciki kada ta daɗe a rigingine, ita da wadda aka yi wa aiki su fara tambayar ma'aikatan awo.

Wajen aiki kuma, ki sa wa tsintsiya doguwar sanda. Ki ɗora bahon wanki a kan turmi ko benci, ko ki zauna a kujera 'yar tsugunno. Bokiti biyu ƙanana sun fi babba ɗaya. In za ki ɗaga tukunya ko yaro, ki matso da shi jikinki, ki lanƙwashe gwiwa, kada ki murɗa ƙugu da kaya a hannu. Ki riƙa miƙewa kina ɗan takawa a tsakanin aiki. Da dare ki kwanta ta gefe da matashi a tsakanin gwiwoyi. Ranar da ciwon ya tashi, tawul mai ɗumi na minti goma sha biyar zuwa ashirin yana taimakawa, amma ɗumi ake so, kada a ƙona fata. Hutun yini ɗaya ko biyu ya isa, kwanciyar makonni kuwa tana narkar da tsoka.

Hattara da ledar ƙwaya

Magungunan kashe zafi irin su ibufurofin da diklofenak suna da amfani na 'yan kwanaki bisa shawarar likita. Shan su wata da watanni yana jawo gyambon ciki da zubar jini a ciki, yana tayar da hawan jini, yana kuma lalata ƙoda. Mai ciki kada ta sha su sai da izinin likita. Haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna ba kwali ya fi haɗari, domin ba ki san abin da ke ciki ba, sau da yawa ma magani iri ɗaya ne aka maimaita da launi daban. Taramol kuwa kowa ya ga yadda ya yi da matasanmu, kuma akwai matan aure da ta ƙofar ciwon baya suka faɗa masa. Game da ƙaho da tsaga, ko mene ne ra'ayinki, ki sani aska ɗaya ga mutane da yawa tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

Salla fa?

Abin da ya fi sa ɗalibata kuka shi ne kasa ruku'u da sujada, har ta fara tara salloli wai sai ta warke ta rama. Wannan kuskure ne babba. Imam Bukhari ya ruwaito cewa Sahabi Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, ya kai kukan rashin lafiyarsa, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi sauƙin yin salla a zaune in tsayuwa ta gagara, ko a kishingiɗe in zaman ma ya gagara. Waɗanda suka karanta Ahalari za su tuna an jero halaye bakwai na yin sallar farilla, tun daga tsayuwa ba jingina har zuwa kwanciya. Ki yi abin da za ki iya, ki yi nuni a wanda ya gagare ki, in sauƙi ya samu ki koma yadda kika saba. Neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba, umarni ne na addini. Haƙuri yana da lada, amma zama da ciwon da yake da magani har ya naƙasa ki ba shi ake nufi da haƙuri ba.

Saƙo ga iyayen gida

Uwargida, ki miƙa wa maigida wannan shafi cikin ladabi. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa Fiyayyen Halitta yana taya iyalinsa hidimar gida. Kuɗin kai niƙa inji, da sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, da sa samarin gida su ɗauki buhu da itace, duk ba su kai kuɗin wankin ƙoda ba. Surukai da kishiyoyi kuma mu ji tsoron Allah, mu daina kiran ciwon da ido ba ya gani da sunan raki.

Ɗalibata dai ba ta warke dare ɗaya ba. Sai da ta yi kusan wata biyu tana motsa jikinta kafin ta iya cikakkiyar sujada, har yanzu kuma in ta yi aiki da yawa bayan yakan tuna mata. Bambancin shi ne yanzu ta san abin yi, ta jefar da ledar ƙwaya, an kuma duba mata cikin da ke zafi. Ta dawo aji, 'yarta ma ta koma makaranta. Ran nan na shigo na tarar ta kwantar da mata uku a kan tabarma tana nuna musu yadda ake jawo gwiwa, suna ta dariya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara mana kula da amanar jikin da Ya ba mu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.